Ɓuntu a Rufin Inna Dela

Abdulnasir ya ɗora tafin hannunsa a bangon ɗakin mahaifiyarsa, ya janye da sauri kamar wanda ya taɓa murfin tukunya. An yi la'asar, rana ta karkata bayan duwatsun Roni, amma bangon yana nan yana amayo zafin da ya sha tun hantsi. Sama da kansa kwanon rufi yana ƙas-ƙas. Inna Dela tana kwance a gadon ƙarfe, fuskarta ga bango, jiƙaƙƙen zane a ƙirjinta. Ƙanwarsa Ikilima tana bakin gadon tana yi mata fifita, kuma iskar da maficin ke kawowa ba ta fi hucin murhu sanyi ba.

"Sannu, Adda. Ya jiki?" in ji shi, yana tsugune a bakin ƙofa.

Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta ce wa Ikilima, "Ki ce wa mutumin Dutse da sauƙi. Ki tambaye shi ya ya baro yara."

"Yaya, ta ce da sauƙi. Ya ka baro yara?" in ji Ikilima, ko da yake tsakaninsa da gadon bai kai tsawon tabarma ba.

Haka suke magana tun da ya yi wayo. Shi ne ɗan fari, kuma gidansu gidan Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama garma tun zamanin kakanni, amma kunya ba su ajiye ta ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa, ba ta kai masa kuka. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Ita ya tashi yana kira Inna, wadda ta haife shi kuwa Adda yake ce mata, kamar wata babbar yayarsa. Ga shi yau da furfura a gemu, da ofis a sakatariyar Dutse, da masu miƙewa tsaye idan ya shigo, amma bai san yadda sunansa yake fita daga bakinta ba. Abin ma ba ya yi masa ciwo. Wurin ya daɗe da yin kanta.

Ɗakin kuwa aikin hannunsa ne. Da can soro ne na ƙasa, rufin azara, bango mai kauri, a tsakiyar bazara mutum ya shiga sai ya ji kamar ya leƙa randa. Shekarar da aka yi masa ƙarin girma bangon yamma ya tsage, damina ta ci gefen rufin. Ɗa na kirki ba ya barin uwarsa tana fama da yaɓe duk shekara, haka kowa ya ce, haka shi ma ya gani. Ya sa aka sauke rufin ƙasar, aka tayar da bangon yamma da bulo, aka kafa kwano mai ɗaukar ido, aka yi silin na falankin katako aka shafe shi fari. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Limamin unguwa ya sa masa albarka a bainar jama'a. Inna Dela ta aiko ta bakin wata jikarta cewa an gani, an gode, kuma wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa aiko masa a kan wani abu da ya yi. Ba a daɗe ba duk sassan gidan suka kwaikwaye shi, ba a bar soro ko ɗaya ba. Wato da hannunsa ya kori sanyi daga gidan ubansa, ana tafa masa.

Babu wanda ya gaya masa abin da ɗakin ya zama. Shi kuma da safe yake zuwa, ranar Sallah ko ranar suna, ya tsuguna, ya gaisa, ya ajiye abin da ya kawo, ya kama hanya kafin rana ta take. Sai bana, da tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a gindin randa, Ikilima ta baro gidan mijinta can tsallaken Babura, cikin Nijar, ta zo jinya, sannan aka samu bakin da zai faɗa. Ikilima auta ce, ita aka bar wa baki a gidan.

"Yaya, wannan ba ɗaki ba ne, tanderu ne," ta ce masa ta waya. "Ka zo da rana ka gani, ka daina zuwan sassafe kamar mai tallan koko."

Likitan da ya duba tsohuwar a Kazaure bai yi kwana-kwana ba. Zuciyarta ta gaji, ƙodarta ma tana neman gajiya. Magani zai yi nasa, amma idan ta ƙarasa bazarar nan cikin irin zafin da suka kwatanta, ba ya ba su tabbacin za ta ga kaka. A sauya mata wuri.

Wuri akwai shi. A Dutse matarsa ta riga ta gyara ɗaki, da na'urar sanyi, da sabuwar katifa. Wannan saƙon ne ya kawo shi yau, kuma Ikilima ta isar da shi yadda aka ba ta, har da ƙarin daɗin baki irin nata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"Ki gaya masa a ɗakin nan aka sauke ni ina amarya," ta ce. "A nan na haihu. A nan aka yi wa Malam wanka. Daga nan za a ɗauke ni, ba daga gidan bene ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Abdulnasir ya dubi silin ɗin da ya yi, fari tas kamar ba shi ne ke dafa ta ba. Ya san abu biyu ne a gabansa: ko ya samo wa ɗakin nan sanyi, ko ya cicciɓe ta ya sa a mota ba da son ranta ba, wanda a wajenta kisa ne shi ma, sai dai ba ya sauri. Ya lalubi zuciyarsa ko zai ji tsoro ko baƙin ciki, bai taras da kowa a ciki ba. Ya tashi ya je masallaci.

Ya gwada fankar sola, ta yi ta kwasar zafi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. Ya sa aka shimfiɗa karan dawa a kan kwanon, guguwa ɗaya ta kwashe shi ta raba wa maƙwabta. Daga nan ne wani abokin aikinsa ɗan Gwiwa ya yi masa kwatancen Mamuda, wanda ke zaune bayan injin casar shinkafa a Kazaure, wai yana sanyaya ɗaki da abin da ake zubarwa a juji.

Mamuda gajere ne, mai surutu, girarsa da gashin hancinsa duk fari da ƙura. Ya zo a kan babur da tsani a ɗaure, ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana.

"Alhaji, abin ba tsafi ba ne," ya ce. "Kwano ya sha rana ya zubo wa silin, silin ya zubo wa mutum. Mu kuwa sai mu shiga tsakani. Ɓuntun shinkafa ne busasshe, mu gauraya shi da toka da farar ƙasa saboda gara da ɓera. Ina da inji, fankar injin sussuka ce na gyara, ita ke hura shi ta tiyo ya cika saman silin, kaurin taƙi guda. Wannan bangon na bulo kuma cikinsa rami ne, sai mu huda daga sama mu ɗura har ya ƙoshi, mu liƙe da siminti. Da gidajen kaji na fara."

"Kaji," in ji Abdulnasir.

"Kaji ai ba su da kara, ranka ya daɗe. Zafi ya yi musu yawa, mutuwa kawai suke yi ka gani da idonka. Mutum ne ke daurewa."

Ya jingina tsani, ya cire falanki ɗaya, ya shige saman silin. Da ya sauko rigarsa ta manne masa, yana haki.

"Katakon yana da ƙarfi, zai ɗauka. Saura abu ɗaya. Kwanon yana yoyo?"

"Ban sani ba."

"Na duba, ban ga haske ta ko'ina ba, silin ma babu tabo. Amma akwai yoyon da ido ba ya gani da bazara, irin wanda iska ke turo ruwa ta inda kwano ya haɗu da tsohon bango. Wannan sai mai ɗaki. Ɓuntu ba ya shiri da ruwa, Alhaji. In ya sha, nauyinsa ninkawa yake yi, ya sauko da silin gaba ɗaya. In akwai yoyo a faɗa mini, mu fara toshewa, ba wani aiki ba ne."

Ikilima ba ta sani ba, rabonta da damina a gidan tun kafin a kafa kwanon. Don haka Abdulnasir ya koma bakin ƙofa ya tsuguna. Rahamatu, matar ɗan baffansa da ke sashen kusa, ta shigo da kwanon kunu, ta tsaya gefe tana jira a gama magana.

"Ikilima, tambayi Adda, da damina kwanon nan yana zuba?"

"Inna, wai kwanon yana zuba da damina? Mai aikin ne ke tambaya. Ya ce in yana zuba a faɗa a gyara."

Tsohuwar ta ɗaga ido ta dubi silin, ta daɗe tana dubansa.

"Wane kwano? Wanda ya yi?" ta ce. "Lafiyarsa lau. Ki ce masa ko ɗigo."

Rahamatu ta ajiye kunun ta fita. Abdulnasir ya ga fitarta, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Har wani ɗan daɗi ya ji, ƙanƙani, cewa a cikin duk ɓarnar da ya yi akwai abu ɗaya da ya yi daidai. Bai tsaya ya tambayi kansa ba ko akwai wata amsa dabam da bakin nan zai iya bayarwa, yana tsugune a wurin, a kan kyautar da ya yi mata. Ya fita ya ce wa Mamuda ba ya yoyo.

Ranar aiki a-kori-kura ta zo shaƙe da buhuna. Mazan gidan suka cicciɓi gadon da tsohuwar a kai suka kai gindin darbejiya, ta ja mayafi ta rufe fuska lokacin da aka wuce da ita ta gabansa. Mamuda ya tayar da inji, kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya. Mutum ɗaya yana juye buhu a bakin injin, ɗaya yana rub da ciki a saman silin yana jan tiyo daga kusurwa zuwa kusurwa, Mamuda yana ƙasa yana ihun umarni da babu mai ji. Ƙura ta tashi fara, ta sauka a kan randa, a kan igiyar shanya, a kan hular Abdulnasir da ke tsaye ya harɗe hannu a baya kamar ya zo duba aikin gwamnati. Da aka koma kan bangon yamma, aka huda bulon aka zura tiyo, sai sautin ya sauya, ya zama shuuu, irin na zuba gero a rumbu.

Inna Dela ta ɗan ɗaga mayafi tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce wa Ikilima. "Abin da muke kai wa juji yau shi ake hawa da shi sama da kawunanmu."

Kafin magariba an liƙe ramukan, an mayar da falankin, an share, an mayar da gado. Na saman silin ya sauko kamar an tsamo shi daga buhun gari, ya sha ruwa moɗa uku a tsaye.

Abin ya yi. Wannan kam ba a ƙwace wa Mamuda ba. Washegari da azahar Abdulnasir ya sake ɗora hannu a bangon daga ciki, ya bar shi a nan, ɗumi-ɗumi ne kawai kamar jikin mai lafiya. Ɗakin har shiru ya ƙara, ƙas-ƙas ɗin kwanon ya koma can nesa. A ranar tsohuwar ta yi barcin rana, abin da Ikilima ta ce ba ta gani ba tun zuwanta. A makonnin da suka biyo baya kumburin ƙafarta ya saɓe. Ta fara tashi zaune. Ta nemi fura da nono, ta ce wadda aka dama ba ta damu ba, ta tayar da rigima a kan wani ludayi da ya ɓace tun bara. Ikilima ta ce ai tunda faɗa ya dawo, lafiya ta dawo.

Maƙwabta suka sake zuwa kallo. Suka ɗora hannu a bango, suka yi salati, suka karɓi lambar Mamuda. Liman ya sake sa albarka.

Abdulnasir ya koma zuwa duk ƙarshen mako, kuma da gangan yake isowa da tsakar rana. Wata Asabar yana tsugune a wurinsa na kullum, tsohuwar ta ce, "Ikilima, ki shimfiɗa wa mutumin Dutse tabarma daga ciki, ya daina tsuguno a ƙofa kamar mai jiran mota." Ya shiga ya zauna. Ita tana jan carbi tana duban bango, shi yana duban yatsun ƙafarsa, Ikilima tana tsince shinkafa tana ba su labarin tsadar sefa. Ya san wannan ita ce ranar da ya kamata ya ji daɗi. Abin da ya ji bai wuce irin abin da ƙafa ke ji ba idan an daɗe zaune a kanta aka fara motsa ta, ba daɗi ba, ba ciwo ba. Da aka kira la'asar ya tashi, ya ce a gaya wa Adda zai koma.

Damina ta faɗi da iska daga gabas, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya yini, ya huta, ya sake dawowa. Abdulnasir yana ofis da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, silin ya faɗo," in ji Ikilima. Muryarta ba irin tata ba ce, babu tsiwa a ciki. "Tana da rai, ba abin da ya same ta. Ka zo."

Ya ce to. Ya rufe fayil ɗin da ke gabansa, ya gyara zaman hularsa, ya gaya wa masinja inda za a ajiye makulli. A hanya ya tsaya ya sha mai, har ya amsa gaisuwar mai zuba man da tambayar iyali. Gonaki sun yi baƙi da laima, mutane sun fita shuka, sahu-sahu, suna sara suna jefawa suna takewa. Ya gan su duka kamar a talabijin.

Ɗakin ba ya shiguwa. Rabin silin na gabas ya sauko, falankai sun karye a kan gado, ɓuntu jiƙe sharkaf ya cika ƙasa har ƙwauri, baƙi-baƙi da toka, yana warin tsami. Katifa, akwatin ƙarfe, kwanukan jerenta, duk suna ƙarƙashi. Abin da ya fi muni yana bangon gabas, tsohon bangon ƙasa da ya rage daga soron. Ɓuntun ya riƙe ruwa ya manna masa, ya jiƙa shi daga sama, ya tsage tun daga kai har gindi, mutum na iya zura hannu. Wani magini da aka kira ya riga ya gani, ya ce ba gyara, sai rushewa, kuma kada kowa ya kwana a ciki.

Ikilima ta same shi a nan tsaye.

"Da hadarin farko ya taso," ta ce, "sai ta ce in ɗauko daro in ajiye a kusurwar gabas, bayan akwati. Na ce Inna, me za a yi da daro? Ta ce ke dai ajiye. Na ja akwatin. Yaya, har shatin gindin daron yana nan a siminti, ya yi zobe. Ruwa ya sauko, muna jiran ɗigo, ba ɗigo. Ta yi ta kallon wurin, har ta ce ashe ya daina. Ashe ɓuntun ne ke shanyewa. Ni kuma da na ga ba ya zuba sai na yi shiru, na ce in ka zo Asabar na gaya maka. Jiya na ga silin ya yi ciki, na ce da safe zan kira ka. Da safen na fito da ita alwala, ko buta ba mu ajiye ba muka ji rugum."

Rahamatu tana bayanta, ta sunkuyar da kai.

"Tun shekarar farko yake zuba," ta ce a hankali. "Duk kafin Sallah ni nake shafa mata farar ƙasa a kan tabon. Ta ce kada ka gani."

"Kina tsaye aka tambaye ta," in ji Abdulnasir. Ba faɗa yake yi ba, faɗi kawai ya yi.

"Yaya, Inna ta riga ta amsa. Ni ce zan ƙaryata ta a gabanka?"

Ya san da shi ne a matsayinta, shi ma ajiye kunun zai yi ya fita.

An kwantar da tsohuwar a ɗakin Rahamatu, a kan tabarma. Rana ta fito bayan ruwa, kwanon ɗakin ya fara aikinsa, zafi mai laima ya cika ko'ina, har numfashinta ya soma komawa irin na da, gajere-gajere. Abdulnasir ya zo bakin ƙofa, ya yi kamar zai tsuguna, sai bai tsuguna ba. Ya cire takalmi ya shiga, ya zauna daf da ita, ya dubi fuskarta sosai. Bai taɓa yi ba. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe hancinsa nata ne.

"Adda," ya ce, da ita yake, ba da kowa ba. "Me ya sa ba ki faɗa ba? Toshewa kawai za a yi. Da kina ɗakinki."

Ikilima ta dafe baki. Rahamatu ta ja da baya daga ƙofa. A waje wata kaza tana ta kiran 'ya'yanta.

Inna Dela ta kawar da kai, ta jawo mayafi ta kare gefen fuskarta da ke wajensa.

"Ikilima," ta ce. "Ki gaya masa kwanonsa ba ya yoyo. Ruwan bana ne ya yi yawa."

Ikilima ta buɗe baki ta isar, ta kasa. Ba a taɓa ba ta saƙo ta riƙe ba sai yau.

"Ki kuma haɗa mini abin da ya tsira," in ji tsohuwar. "Kada dare ya yi masa a hanya."

Abin da ya tsira bai cika jaka ɗaya ba: zannuwan da ke kan igiya, carbi, buta, magunguna. Aka kawo mota har ƙofar zaure. Mazan gidan suka ɗauko ta, kuma hanyar fita ta gaban ɗakin ta bi, ga ƙofar a buɗe, ga ɓuntu ya kwararo har dokin ƙofa, awaki suna shinshinawa. Ba ta duba ba. Matan gida suka yi ta cewa sai kin dawo, Inna, Allah ya ƙara sauƙi, sai an gama gyara. Ta amsa wa kowa da sunansa.

Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Ikilima. Abdulnasir ya ɗaga gilasai ya kunna na'urar sanyi, ya kama hanyar Dutse. Duwatsun Roni suka koma baya. Ikilima, wadda rabonta da barcin kirki tun farkon ruwan, ta jingina kai da gilashi, kafin su kai Kazaure ta yi nisa, bakinta a buɗe.

Bayan sun wuce gari ya ɗaga ido ya dubi madubi. Tsohuwar idonta biyu. Tana jan mayafi tana ƙara ƙudundunewa, ta rufe kafaɗa, ta rufe wuya, ta rufe har haɓa. Ko sanyin ne ya yi mata yawa, ko idonsa ne ta gani a madubin, bai sani ba. Ya dubi Ikilima, tana barci. Ya kai hannu kan maɓallin na'urar, ya bar shi a nan, bai ƙara ba bai rage ba, ya ci gaba da tuƙi da hannu ɗaya.